Idan Ekstenda Tana Yanke Wi-Fi: Yadda Za Ka Karanta Fitilunta Ka Gano Inda Matsalar Take

Ƙorafin masu ekstenda, wato na'urar da ke ƙara wa Wi-Fi nisa a cikin gida, kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Waya tana nuna Wi-Fi a cike, amma saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya, ko kiran bidiyo ya katse ana tsakiyar gaisawa. Sai mutum ya nemo tsinke ya danna ramin risit, ya sake saiti tun daga farko, abu ya yi aiki kwana biyu, sannan ya koma gidan jiya. Shawarata ita ce ka ajiye tsinken nan tukuna. Risit yana goge saitinka ne kawai, ba ya matsar da bango, ba ya gyara wutar lantarki, ba ya sa wa rauta data.

Kafin intanet ta iso wayarka ta hanyar ekstenda, sai ta bi gaɓa uku. Ta farko daga kamfanin sadarwa zuwa rauta, wato na'urar da ke karɓo intanet ta watsa Wi-Fi, ta biyu daga rauta zuwa ekstenda, ta uku daga ekstenda zuwa waya ko kwamfuta. Kowace daga cikinsu ta tsinke, abin da za ka gani a waya ɗaya ne. Aikin da ke gabanka shi ne gano wadda ke tsinkewa, kuma fitilun jikin ekstenda galibi labarin gaɓa ta biyu suke bayarwa. Ba su san komai game da data ko sabis ɗin kamfani ba.

Yana da kyau ka riƙe yadda na'urar take aiki. Ekstenda ba ta ƙirƙirar intanet, maimaita abin da ta ji daga rauta take yi, kamar mai jiyar da kabbara a filin Idi. Dole ya tsaya inda muryar liman ke iso masa sarai, sannan ya ɗaga tasa don na baya su ji. In ya koma can ƙarshen sahu inda muryar ba ta kaiwa, ƙarfin muryarsa ba zai amfani kowa ba. Sandunan Wi-Fi da ke fuskar wayarka ƙarfin muryar ekstenda suke aunawa, ba abin da ita ta jiyo ba. Shi ya sa suke cika fal alhali babu abin da ke buɗewa.

Fara da rauta, ka manta da ekstenda na ɗan lokaci

A daidai lokacin da intanet ta ɗauke, tashi ka je kusa da rauta. Cire ekstenda daga soket gaba ɗaya don kada waya ta liƙe mata, ka haɗa da Wi-Fi na rauta kai tsaye, ka kashe datar wayarka, sannan ka buɗe wani shafi. Kashe datar nan yana da muhimmanci, domin wayoyi da yawa suna zamewa su koma kan data a ɓoye idan Wi-Fi ya yi rauni, kai kuma ka ɗauka komai lafiya.

In a nan ma babu intanet, ekstenda ba ta da laifi. Duba ko data ta ƙare ko wa'adinta ya cika, duba fitilar sabis a jikin rauta, ka gwada matsar da ita kusa da taga idan mai sim ce. In kuwa rauta tana aiki garau a kusa, to matsalar tana gaɓa ta biyu ko ta uku. Mayar da ekstenda soket, ka ba ta kamar minti biyu ta gama tashi, sannan ka tsaya ka kalli fitilunta.

Abin da fitilun ke faɗa

Kowane kamfani da launukansa, har ma samfura biyu na kamfani ɗaya sukan bambanta, saboda haka 'yar takardar da ta zo a cikin kwali ita ce alƙali. Amma ga yadda abin yake a waɗanda suka fi yawa a kasuwa.

A ekstendar TP-Link irin su RE305, fitilar da ta fi muhimmanci ita ce ta sigina. Shuɗiya a tsaye na nufin ta haɗu da rauta kuma wurin da take ya yi. Ja a tsaye na nufin ta haɗu, amma abin da take samu ya yi rauni, a matso da ita. Idan tana ƙiftawa, tana ƙoƙarin haɗuwa ta WPS ne, wato haɗi ta danna maɓalli ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Idan a kashe take, babu haɗi sam tsakaninta da rauta. Akwai kuma ƙananan fitilu biyu masu rubutun 2.4G da 5G, su ne zangon Wi-Fi biyu, 2.4GHz da 5GHz, kowace tana nuna zangon da ta kama daga rauta. Tsohuwar TL-WA850RE kuwa fitilun sigina biyar gare ta, kuma ana son aƙalla uku su kama.

A ta Netgear, irin su EX3700 da EX6120, fitilun haɗi biyu ne, kuma wannan tsari ya fi taimakawa. Ɗaya ta rauta, ɗaya ta na'urar da ke amfani da ita. Kore haɗi mai kyau sosai, ruwan lemo ba laifi, ja ya yi rauni, a kashe babu haɗi. Idan ta rauta ce ja, matsar da ekstenda wajen rauta. Idan ta na'ura ce ja, kai ne ka yi wa ekstenda nisa. Fitilar wuta tana zama ruwan lemo lokacin da take tashi, sannan ta koma kore.

'Yar ƙaramar Xiaomi mai eriya biyu fitila ɗaya tak gare ta: shuɗiya idan komai ya daidaita, ruwan lemo mai ƙiftawa idan tana jiran a yi mata saiti ko tana neman rauta.

Fitilar wuta da ke ƙiftawa ta minti ɗaya ko biyu bayan an jona ba matsala ba ce. Wadda ta ƙi daina ƙiftawa, ko wadda ke mutuwa tana dawowa da kanta, ita ce abin dubawa: ko soket ya saki, ko wutar ba ta da ƙarfi, ko na'urar ta yi zafi, ko manhajar cikinta ta lalace. Idan kuma duk fitilun a kashe suke amma Wi-Fi yana aiki, kada hankalinka ya tashi. Da yawa suna da saitin kashe fitilu da dare, wani a gidan ya kunna shi.

Wani abu da nake so ka yi, wanda mutane ba su cika yi ba: kalli fitilar a lokacin da abin ya yanke, ba bayan ya dawo ba. In ta kama ka sa yaro ya zauna kusa da ita ya kira ka. Fitilar da ke shuɗiya da safe tana komawa ja bayan isha'i ta gaya maka abu guda. Wadda ke mutuwa gaba ɗaya ta sake tashi ta gaya maka wani. Wadda ba ta motsa ba, tana nan shuɗiya amma intanet babu, wannan kuma labarinta daban, za mu zo kansa.

Wurin da ka jona ta

Nan ne mafi yawan matsalar take. Mutum ya sayi ekstenda saboda Wi-Fi ba ya kaiwa ɗakin uwargida ko shagon ƙofar gida, sai ya kai ta cikin ɗakin da babu sigina ya jona. Ai nan ne wurin da bai kamata ta zauna ba. Mazauninta tsakanin rauta da wurin da ake buƙata ne, a inda siginar rauta ke da sauran ƙarfi.

Kada ka yi ƙiyasi da ido, auna. Sauke manhaja irin WiFi Analyzer a wayar Android, ka cire ekstenda, ka tsaya daidai bakin soket ɗin da kake son sa ta, ka duba ƙarfin siginar rauta. Lambar tana zuwa da alamar ragi a gaba da dBm a baya, kuma wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau. Kusan -50 sigina ce mai ƙarfi. Tsakanin -55 da -65 nan ne wurin da nake so ekstenda ta zauna. Daga -70 an fara shiga rauni, -80 kuwa haɗi ne na jeka-na-yi-ka. Tsaya a wurin kamar minti ɗaya kana kallon lambar, ka rufe ƙofofin da aka saba rufewa da dare. Ƙofar ƙarfe ɗaya da aka tura tana iya sauke lambar ƙwarai, shi ya sa wasu gidaje Wi-Fi ke aiki da rana ya ɗauke da an kulle ƙofofi.

Gine-ginenmu ba sa yi wa Wi-Fi sauƙi. Bulon siminti, musamman wanda aka cika cikinsa, yana cinye sigina fiye da bangon katako da allon filasta na gidajen Amurka. Rufin kankare mai rodi ya fi bango tsanani, katangar ƙasa mai kauri ma ba ta da sauƙi. Tankin ruwa, firiji, babban madubi, kwanon rufi, duk suna tarewa ko karkatar da ita. A gidan bene, soket ɗin da ke kan matattakala ya fi na cikin ɗaki amfani, domin sigina ta ramin benen take bi ta hau. A gida mai tsakar gida, baranda mai kallon tagar ɗakin da rauta take ita ce ta fi, muddin ruwan sama da rana ba za su taɓa na'urar ba.

Na taɓa ganin wata ekstenda a wani gida an jona ta a soket na ƙasa, bayan firiji, don nan ne kaɗai soket ɗin da babu mai amfani da shi. Fitilarta ja, jikinta da ɗumi, ƙura ta toshe ramukan iska. Ba a taɓa saitin komai ba, aka dawo da ita soket ɗin korido mai tsayin ƙirji, inda in ka tsaya kana hango ƙofar falon da rauta take. Kafin a gama naɗe tabarmar da aka janye, fitilar ta koma shuɗiya. Tsayi yana taimakawa, fili yana taimakawa. Idan tana da eriya, miƙe su sama.

Nisantar da ita daga na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, domin ita ma a zangon 2.4GHz take aiki, kuma duk lokacin da aka kunna ta sai ta dama siginar da ke kusa. Kada kuma ka kusanta ta da rauta fiye da kima. Ekstendar da ke ɗaki ɗaya da rauta fitilarta za ta yi kyau, amma ba ta ƙara maka ko taku ɗaya ba.

Fitila shuɗiya, intanet babu: duba abin da ɗaukewar wuta ke haddasawa

Wannan matsala ta fi damun mu fiye da mutanen ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, kuma takardun kamfani ba sa ba ta muhimmanci. An ɗauke wuta, an tada janareta ko nepa ta dawo, rauta da ekstenda suka tashi tare. Ekstenda takan riga rauta gama tashi, musamman rauta mai sim da sai ta nemo sabis. Da ekstenda ta duba ba ta ga rauta ba, sai wasu samfura su fara raba wa wayoyi adireshin IP da kansu, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, don mai gida ya samu damar shiga saiti. Wayarka ta karɓi wannan adireshi ta riƙe. Can rauta ta tashi, ekstenda ta haɗu da ita, fitila ta yi shuɗi, amma wayar tana nan da adireshin da ba ya kaiwa ko'ina.

Ga yadda za ka tabbatar. Shiga saitin Wi-Fi na wayar, taɓa sunan netwok ɗin, ka nemi wurin da aka rubuta Gateway ko Router. Ya kamata ka ga adireshin rautarka, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a na Huawei. In ka ga 192.168.0.254, wannan adireshin asali ne na ekstendar TP-Link, ka kama ɓarawon. In kuma adireshin wayar kanta ya fara da 169.254, ba ta samu adireshi daga kowa ba, ta ƙirƙiro wa kanta ne.

Maganin gaggawa shi ne ka kashe Wi-Fi na wayar ka sake kunnawa. In bai yi ba, cire ekstenda, jira rauta ta gama tashi har intanet ta kama, sannan ka mayar. Amma ba wanda zai jure wannan a duk ɗaukewar wuta, don haka ga na dindindin.

Haɗa da Wi-Fi na ekstenda, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin shafin saitinta: tplinkrepeater.net ga TP-Link, mywifiext.net ga Netgear, dlinkap.local ga D-Link. Shiga sashen Network. Ba ta adireshi tsayayye a cikin jerin na rauta, misali in rauta 192.168.0.1 ce, ka ba ta 192.168.0.250, bayan ka tabbatar a shafin rauta cewa lambar ba ta cikin waɗanda take rabawa. A gurbin Gateway ka sa adireshin rauta. Sannan ka nemi DHCP Server, mai raba wa na'urori adireshi, wanda a TP-Link yakan zo a kan Auto, ka mayar da shi Off. Daga nan rauta kaɗai ke raba adireshi. Rubuta sabon adireshin a takarda ka manna a jikin na'urar, domin daga yanzu ta nan za ka riƙa shiga, kuma ranar da ta kasa ganin rauta, shigarta zai yi wuya sai da risit.

Abin da ya fi duka shi ne kada su riƙa mutuwa tun farko. In akwai inbata ko sola a gidan, sa rauta da ekstenda a layinta. Ƙananan ekstenda ba sa cin wat 10, ba za su dami batir ba. 'Yar ƙaramar UPS ta rauta da ake sayarwa, wato batirin da ke karɓa in wuta ta ɗauke, tana riƙe rauta, amma ekstendar da ake cusawa kai tsaye a soket ba ta da inda za a jona mata ita. Ko da rautar kaɗai ka riƙe, ka rage matsalar sosai, tunda duk lokacin da ekstenda ta tashi za ta tarar da ita a farke. Ka kuma lura da soket ɗin kansa. Mai ƙafa biyu irin na Turai da aka cusa a soket mai ƙafa uku yakan yi lilo, wani ya gifta ya taɓa, ta mutu ta tashi. Nemo adafta mai riƙo da kyau.

Saitin rauta da ke korar ekstenda

Idan fitilar sigina ta mutu kwatsam ta ƙi dawowa, tambayi mutanen gida ko an canja kalmar sirrin rauta. Maigida ya ga data tana ƙarewa da wuri, ya zargi maƙwabta, ya canja, ya manta da ekstenda. Ita kuwa tsohuwar ta sani. Sai an shiga shafinta an sake zaɓar netwok ɗin an sa sabuwa. Haka in an canja sunan Wi-Fi ko an sauya rauta.

Idan kuwa haɗin yana yankewa yana dawowa da kansa bayan 'yan daƙiƙoƙi, zargi tasha. Rauta tana watsa sigina a kan tasha, kuma in an bar ta a kan Auto, takan sauya tasha idan ta ga cunkoso. Duk sauyin da ta yi sai ekstenda ta sake nemanta. Shiga shafin rauta, sashen Wi-Fi, ka tsayar da ita a tasha ɗaya. A zangon 2.4GHz zaɓi 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna, kuma manhajar da ka auna sigina da ita za ta nuna maka wadda maƙwabta ba su cika ba. Faɗin tashar ka sa 20MHz. Ka guji 12 da 13 idan ekstendar ta Amurka ce, irin wadda ake samu a kayan gwanjo, domin na can daga 1 zuwa 11 suke tsayawa. Rauta ta hau 13, ekstenda ta daina ganinta kwata-kwata.

A zangon 5GHz zaɓi 36, 40, 44 ko 48. Tashoshin da suka fara daga 52 zuwa sama da 100 ana raba su da na'urorin rada, kuma ƙa'ida ta tilasta wa rauta ta bar tashar da zarar ta ji alamar rada. Wasu ekstenda ma ba sa kama su. Shi 5GHz ya fi sauri amma ba ya jure bango, 2.4GHz ya fi nisa amma ya fi cunkoso. In rautarka ta haɗe zangon biyu a suna ɗaya, raba su, ka ga wanda ya fi zama daram. Rautar Starlink ma tana da wannan zaɓi a manhajarta.

Sai tsaro. Tsofaffin ekstenda ba su san sabon tsarin tsaron Wi-Fi na WPA3 ba. Sa rauta a kan WPA2 mai AES. Kada ka sauka zuwa WEP ko TKIP don neman sauƙi, sun tsufa, ba su da kariya, kuma suna rage gudu.

Masu tace na'urori a rauta ta lambar MAC, wato lambar shaida da kowace na'ura ke da ita, su kula. Ekstenda da yawa suna sauya lambar wayoyin da ke bayansu kafin su miƙa wa rauta, saboda haka wayar da ka ba izini za ta bayyana da wata lamba, rauta ta hana ta. Kashe tacewar ka gwada. In ita ce, sai ka ƙara sabbin lambobin a jerin.

Wanda kuma tushen intanet ɗinsa MiFi ce ta aljihu, abu biyu ne. Tana da iyakar na'urorin da take ɗauka, da yawa daga cikinsu 10 ne, kuma kowace waya da ke bayan ekstenda tana cikin lissafi. Sannan tana da saitin barci da ke kashe Wi-Fi don tattalin batir. Kashe shi. Gaskiya dai MiFi ba a yi ta don ɗaukar gida guda ba, eriyarta ƙarama ce, in hali ya samu a nemi rauta ta tebur.

In laifin na wayar ne

Waya ɗaya ce ke yankewa, sauran lafiya? Bar ekstenda ta huta. Sa wayar ta manta da netwok ɗin ka sake haɗawa, kashe tsarin tattalin batir, ka kashe zaɓin komawa kan data kai tsaye, wanda a iPhone ake kira Wi-Fi Assist.

In kana cikin bincike, ba ekstenda suna daban da na rauta. Da yawa suna ƙara _EXT a ƙarshen suna da kansu, ka bar shi haka. Idan sunan ɗaya ne, ba za ka san wadda wayar ta kama ba, kuma waya takan liƙe wa rauta mai nisa alhali ekstenda na gefenta, ko ta yi ta tsalle tsakaninsu a wurin da ƙarfinsu ya zo ɗaya. Kowane tsalle yankewa ne a kiran bidiyo.

Gwajin da ke raba gardama

Mai laftof yana da hanyar da ta fi kallon fitila. Haɗa da Wi-Fi na ekstenda, ka buɗe Command Prompt sau uku a Windows. A na farko rubuta ping, sai adireshin ekstenda, sai -t. A na biyu ping 192.168.0.1 -t, ko duk adireshin da rautarka take da shi. A na uku ping 8.8.8.8 -t, wanda na Google ne. Jera su gefe da gefe, ka ci gaba da harkarka. Layuka za su yi ta gangarowa, kowane da lokacinsa. Da abin ya yanke, duba wanda ya fara rubuta Request timed out.

Na uku kaɗai ya tsaya, biyun suna tafiya: matsalar kamfanin sadarwa ce ko sabis ɗin rauta. Na biyu da na uku sun tsaya, na farko yana amsawa: tsakanin ekstenda da rauta ne, koma kan wuri da tasha. Duka ukun sun tsaya: tsakaninka da ekstenda ne, ko ita kanta ta mutu ta tashi. Minti goma na wannan gwaji ya fi kwana uku na canke.

Zafi da ƙura

Yawancin waɗannan na'urori an rubuta musu aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40 ne. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin Afrilu da Mayu yana wuce haka a waje, balle ɗaki mai kwano babu sili. Ekstendar da ke lafiya da safe tana mutuwa tsakanin azahar da la'asar, taɓa jikinta. In ta yi zafin da hannu ba ya so, sauya mata wuri mai iska, ka cire ta daga bayan labule, ka kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramukanta da busasshen burushi.

Sabunta manhaja, sannan risit

Yanzu ne lokacin su ya yi. Duba takardar da ke manne a bayan na'urar, za ka ga samfuri da lambar sigar ƙira, kamar Ver 3.0, da yankin da aka yi ta dominsa. Manhajar cikinta, wadda shafin ke kira Firmware, dole ta dace da duka ukun. Daga shafin kamfanin kaɗai za ka sauke, ko ka bar manhajar waya irin Tether ta TP-Link ta yi da kanta. Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: kada ka fara sabuntawa a kan wutar da ba ka amince da ita ba. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, na'urar tana iya mutuwa har abada. Yi a kan inbata, ko janareta mai isasshen mai.

In duk wannan bai yi ba, ɗauko tsinken. Na'urar tana kunne, danna ramin risit. Wasu daƙiƙa ɗaya ta isa, wasu sai ka riƙe kusan goma har fitilu su sauya. Ka yi sabon saitin a ɗaki ɗaya da rauta, sai an gama ka kai ta mazauninta, ba za ta manta ba. Hanya mafi sauri ita ce WPS: danna na rauta, ka danna na ekstenda cikin minti biyu, ka jira fitila ta daina ƙiftawa. WPS ba ya aiki idan an ɓoye sunan Wi-Fi ko an sa WPA3 zalla, kuma wasu rautoci ba su da maɓallin sam. A nan sai ka haɗa da sunanta na asali, TP-Link_Extender ko NETGEAR_EXT, ka buɗe shafinta, ka zaɓi netwok ɗinka, ka rubuta kalmar sirri a hankali. Harafi ɗaya ya kauce, wasu samfura za su nuna kamar an gama, amma fitilar sigina ba za ta kama ba. Ka sa wa shafin saitin kalmar sirri tasa, ka maimaita gyaran DHCP da tsayayyen adireshi, tunda risit ya share su.

Inda ekstenda ba za ta iya ba

Ko komai ya daidaita, ekstenda mai zango ɗaya tana raba gudu kusan biyu, saboda da rediyo ɗaya take saurare kuma take maimaitawa. Mai zango biyu ta fi, musamman in ta karɓa a ɗaya ta bayar a ɗaya. Jera ekstenda bayan ekstenda kuwa ban ba kowa shawara ba, kowace tana ƙara jinkiri da wurin tsinkewa.

In ka zagaya gidan da manhajar awo ba ka samu soket ko ɗaya a tsakiya da ya kai -70 ba, to bango ya fi ƙarfin iska, sai waya. Duba ƙasan ekstendarka, yawancinsu suna da ramin kebul, kuma da yawa suna da zaɓin Access Point a shafin saiti ko a wani ɗan maɓalli a gefe. Ja kebul na Cat5e ko Cat6 daga rauta zuwa ɗakin da ake buƙata, yana kaiwa mita 100 ba tare da raguwa ba. Juya ekstendar zuwa wannan tsari, ka jona. Yanzu tana iya zama a cikin ɗakin da babu sigina, gudun ba ya rabuwa, sauyin tashar rauta ma bai dame ta ba. In kebul ɗin zai ratsa tsakar gida zuwa wani sashe, a sa shi cikin bututun roba a binne ko a bi da shi jikin bango, kada a rataye shi a sama saboda rana da tsawar damina. Ka sa mai haɗa kan kebul ya gwada shi da na'urar gwaji a gabanka kafin a rufe bututun.